TSUNTSUN TEKU: SHIN BALBELA CE KO WANI DABAN?



Abin da ya sa na yi wannan rubutu wata gardama ce da ta tashi a ajinmu. A bangon littafin rubutun wata ƙawata akwai hoton wani farin tsuntsu yana shawagi a kan ruwa. Wani ɗan ajinmu ya ce balbela ce. Ƙawata ta ce tattabara ce. Ni kuma na goyi bayan mai balbela, har na ce idan ba ita ba ce zan yi wa ƙawata sharar aji ta mako guda. Da musu ya yi tsanani sai muka kai wa malaminmu na kimiyya. Ya duba hoton, ya yi murmushi, ya ce, "Duk kun faɗi. Ku dubi ƙafarsa da kyau, sannan ku je ku bincika." Na ce, "Malam, to mene ne sunansa?" Ya ce Turawa suna kiransa sigol, mu kuma za mu iya ce masa tsuntsun teku.

Na yi sharar, tun da alkawari kaya ne. Amma na yi binciken ma. Ga abin da na samo, kuma a ciki akwai abin da ya ba ni mamaki ƙwarai: ashe wannan tsuntsu yana zuwa har Arewacin Nijeriya.

KAMA DA WANE BA WANE BA CE

Bari mu fara da raba gardama. Balbela da tsuntsun teku duk farare ne idan ka hango su daga nesa, amma ko danginsu ba ɗaya ba ne. Balbela 'yar uwar zalɓe ce. Tana da dogon wuya da dogayen ƙafafu, yatsunta a rarrabe suke, kuma idan ta tashi sama takan lanƙwashe wuyanta. A kan itace take yin sheƙa. Ba ta iyo. Aikinta bin shanu, tana cafke farin da suka tayar daga ciyawa, shi ya sa ake mata kirari da "ci da motsin wani".

Shi kuwa tsuntsun teku gajeren wuya gare shi, da ƙirji mai kauri, da dogayen fukafukai masu tsini. Cikinsa fari ne, amma bayansa toka-toka ne ko baƙi, kuma yawanci ƙarshen fukafukansa baƙi ne. Bakinsa kakkaura ne mai ɗan lanƙwasa a ƙarshe. Babbar alamarsa ita ce wadda Malam ya nuna mana: ƙafarsa irin ta agwagwa ce, akwai fata tsakanin yatsunsa uku na gaba. Saboda haka yana iya zama a kan ruwa ya yi iyo, yana iya tafiya a ƙasa da sauri, yana kuma iya daɗewa a sama yana shawagi ba tare da ya kaɗa fiffike sosai ba.

Sannan ba iri ɗaya ba ne. Akwai fiye da iri 50 a duniya. Ƙaramin cikinsu nauyinsa kamar giram 120 ne, wato bai kai tattabara ba. Babban cikinsu yana wuce kilo ɗaya da rabi, kuma idan ya buɗe fukafukansa faɗinsu yana kai mita 1.7, wato ya fi tsawon da yawa daga cikinmu 'yan aji biyu.

YADDA YAKE SHAN RUWAN GISHIRI

A kowace lita ɗaya ta ruwan teku akwai gishiri kamar giram 35. Idan mutum ya sha wannan ruwa ƙishirwarsa ƙaruwa take yi, domin ƙodarsa ba ta iya fitar da gishirin sai ta yi amfani da ruwan da ya fi wanda ya sha. Amma tsuntsun teku yana sha ya zauna lafiya. Ta yaya?

A cikin kansa, daidai saman idanunsa, akwai wasu 'yan gaɓoɓi guda biyu da za mu iya kira matatar gishiri. Jini yana bi ta cikinsu, su tsame gishirin da ya yi yawa, su tura shi ta hanci a matsayin wani ruwa mai tsananin gishiri. Ruwan yakan gangaro ya ɗiga daga ƙarshen bakinsa, ko kuma tsuntsun ya girgiza kai ya watsar. Wanda bai sani ba sai ya zaci mura yake yi. Duk da haka, idan ya sami ruwan daɗi na tafki ko na kogi yana sha, yana kuma wanka a ciki.

ABINCINSA DA WAYONSA

Tsuntsun teku ba ya zaɓen abinci. Yana cin kifi, ƙaguwa, tana, fara, ɓera, ƙwan wasu tsuntsaye, mushe, da ragowar abincin mutane a bola. A halinsa ya fi kama da shirwa fiye da balbela. Duk wanda shirwa ta taɓa fizge wa nama a hannu a kasuwa ya san abin da nake nufi. Haka shi ma yake yi wa mutane a garuruwan bakin teku a Ingila: mutum yana riƙe da soyayyen dankalinsa, sai ya ji fiu, an wafce. Yana kuma bin wasu tsuntsaye da kora har sai sun saki kifin da suka kama.

Wayonsa bai tsaya nan ba. Idan ya sami abin ruwa mai ƙoƙo mai tauri, irin su ƙumba, sai ya tashi da shi sama ya sake shi a kan dutse ya fashe, sannan ya sauko ya cinye na ciki. Wani lokaci yakan tsaya a kan ciyawa mai laima yana buga ƙafafunsa da sauri kamar mai rawa, sai tana ta fito, ya tsince ta. Yana bin jiragen masunta saboda kayan cikin kifin da suke zubarwa. Yana bin motar noma a gona saboda tsutsotsin da garma take tonowa. A nan ne kawai ya yi kama da balbela, shi ma yana ci da motsin wani.

A shekarar 2019 masu bincike na Jami'ar Eksita a Ingila sun yi wani gwaji mai ban dariya. Sun ajiye soyayyen dankali a ƙasa, wani lokaci su zuba wa tsuntsun ido, wani lokaci su kau da kai. Sun gano cewa idan ana kallonsa yakan ƙara kamar daƙiƙa 21 kafin ya taɓa abincin. Wato ya san ana kallonsa, kamar yaron da ke fakon idon mahaifiyarsa kafin ya sa hannu a tukunya.

Kada ku ce shi ɓarawo ne kawai. A jihar Yuta ta Amurka ana ba da labari cewa a shekarar 1848 wasu ƙwari masu kama da fara sun afka wa gonakin mutanen da suka sauka a wurin, sai garken waɗannan tsuntsaye suka zo suka yi ta cinye su. Don tunawa da haka, a 1913 aka gina masa hasumiya a babban birnin jihar, kuma har yau shi ne tsuntsun da jihar take alfahari da shi. Ku lura, Yuta ba ta da teku. Babban tafki ne mai gishiri a wurin.

AURE, ƘWAI DA RENO

Tsuntsun teku ba ya son zaman kaɗaici. Idan lokacin ƙwai ya zo sukan taru ɗaruruwa ko dubbai a wuri guda, kamar unguwa, kowane miji da mata da ɗan filinsu da suke karewa. Namiji ɗaya mace ɗaya suke zama, kuma sau da yawa sukan koma wa juna shekara bayan shekara, a wurin da suka saba.

Yawancinsu a ƙasa suke yin sheƙa, a kan tsibiri, ko yashi, ko dutse, ko cikin ciyayin ruwa. Macen takan yi ƙwai 2 ko 3, masu ɗigo-ɗigo kamar na zabuwa amma ɗigon ya fi girma, don su saje da ƙasa. Uwa da uba suna karɓa-karɓa wajen kwanci har tsawon mako 3 zuwa 4. Idan 'ya'yan suka ƙyanƙyashe sukan fito da gashi mai laushi, idonsu a buɗe, kuma cikin 'yan kwanaki suna yawo kusa da sheƙa. Bayan wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi sai su fara tashi. Idan wani abu ya tunkari unguwarsu, ko kare ne ko mutum, sai manyan su tashi gaba ɗaya suna ihu suna kawo masa sura har ya gudu.

Akwai wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Niko Tinbagen, wanda ya koyar a Jami'ar Oksfod. Ya lura cewa wani irin tsuntsun teku yana da jan ɗigo a ƙasan bakinsa mai ruwan ɗorawa. Ya ga ɗan tsuntsun yana saran wannan ɗigo, sai uwar ko uban ya amayo masa abinci. Don ya tabbatar, sai ya yanka kwali kamar kan tsuntsu, wani ya sa masa jan ɗigo, wani bai sa ba, ya riƙa nuna wa 'ya'yan. Ya ga suna saran kwalin duk da ba uwarsu ba ce, kuma ɗigon yana jan hankalinsu. Wannan ya nuna da wannan hali aka haife su, ba koya musu aka yi ba. A 1973 aka ba shi kyautar Nobel tare da wasu masana biyu, saboda bincikensu a kan halayen dabbobi. Abin da ya burge ni shi ne kayan aikinsa: kwali, fenti, da haƙurin zama yana kallo. Duk muna da su.

Ɗan tsuntsun teku ba fari yake tasowa ba. Launinsa ƙasa-ƙasa ne mai dabbare-dabbare. Ƙananan iri sukan yi shekara 2 kafin su yi kamar iyayensu, manyan iri kuwa har shekara 4. Suna da tsawon rai, an sami waɗanda suka wuce shekara 30.

SUNANSA NA TEKU, AMMA BA A TEKU KAƊAI YAKE BA

Ana samun wannan tsuntsu a kowace nahiya, har gefen Antatika mai ƙanƙara. Kuma yawancin irinsa ba sa shiga can tsakiyar teku, a gaɓa suke zama, ko a tafkuna da manyan koguna. Akwai ma wani iri a ƙasar Cili wanda yake zuwa cikin hamadar Atakama, ɗaya daga cikin wurare mafi bushewa a duniya, ya yi ƙwansa a can nesa da ruwa inda maƙiya ba su da yawa, sannan ya riƙa zirga-zirga zuwa gaɓa yana kawo wa 'ya'yansa abinci.

Daga Birnin Gwari zuwa bakin teku ya fi kilomita 500. Amma ba sai mun je Legas za mu gan shi ba. A Arewacin Nijeriya ana ganinsa a manyan ruwaye irin su Tafkin Cadi, da Tafkin Kainji wanda ya samu bayan an gama madatsar ruwan Kainji a kan Kogin Kwara a 1968, da kuma fadamun Haɗeja zuwa Nguru a jihohin Jigawa da Yobe. Ga iri uku da ya kamata mu sani.

Na ɗaya shi ne mai tokar kai. Wannan ɗan Afirka ne, ba baƙo ba ne. Tsawonsa kamar santimita 40. Bakinsa da ƙafafunsa ja ne, idonsa fari-fari, kuma a lokacin ƙwai kansa yakan zama ruwan toka. Ana samun irinsa har a Kudancin Amurka.

Na biyu shi ne wanda ake kira mai baƙin kai, ko da yake kan nasa ba baƙi wuluk ba ne, ruwan ƙasa ne mai duhu. Daga Turai yake zuwa. A lokacin da yake wurinmu kansa fari ne, sai ɗan baƙin tabo a bayan ido, kamar an ɗiga masa tawada.

Na uku shi ne mai baƙin baya. Ya fi waɗancan biyun girma, ƙafafunsa ruwan ɗorawa. Shi ma daga arewacin Turai yake tasowa.

Na biyu da na uku 'yan cirani ne. Idan sanyi ya kama a Turai, ruwa ya daskare, abinci ya yi wuya, sai su yo kudu, su yi tafiyar dubban kilomitoci. Suna isowa bayan damina, su yi hunturu tare da mu, sannan su koma gida su yi ƙwai kafin ruwanmu ya sauka. Mun riga mun san irin wannan a wurin shamuwa, sai dai ita da damina take zuwa mana, kuma daga kudancin Afirka take dawowa.

ME YA SA BA A DAJINMU YAKE ZAMA BA?

Dajin Kamuku da ke kusa da mu an keɓe shi tun 1936, kuma a 1999 ya zama gandun daji na ƙasa. Faɗinsa murabba'in kilomita 1,121, yana maƙwabtaka da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. An ƙidaya tsuntsaye iri 177 a cikinsa, har da burtu da tuje. Amma daji mai itatuwa ba gidan tsuntsun teku ba ne. Ƙafarsa mai fata ba ta dace da riƙe reshe ba. Dogayen fukafukansa na sarari ne, ba na kutsawa tsakanin itatuwa ba. Kuma tun da a ƙasa yake ƙwai, yana bukatar fili ko tsibiri inda zai hango maƙiyi tun daga nesa. Shi kuwa burtu, da za a kai shi tsakiyar Tafkin Cadi, da yunwa ta kashe shi. Kowane tsuntsu da irin wurin da jikinsa ya dace da shi.

Wannan shi ne babban darasin da na koya. Ba suna ne yake zaunar da tsuntsu a wuri ba. Abu uku ne: ruwa, abinci, da kwanciyar hankali. Idan ɗaya ya ɓace, sai ya tashi.

ABIN DA KE BARAZANA GARE SHI, DA MU

A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Cadi ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 ya rage shi da kusan kashi 90 cikin 100. Idan ruwa ya ja baya, kifi ya ragu, masunci da tsuntsu duk abu ɗaya ne yake samunsu. A Ingila ma, inda mutane ke kukan yana sace musu abinci, tun 2009 aka sa irin nan mai jan ɗigo a baki cikin jerin tsuntsayen da yawansu ya ragu sosai. Ganinsa a bola ba ya nufin yana cikin daɗi.

Sai kuma leda da roba. Tsuntsun da ba ya zaɓen abinci yana iya haɗiye leda, ta toshe masa ciki, ko zaren taru ya naɗe masa ƙafa. Ledar ruwan da muka sha muka jefar a harabar makaranta, ruwan sama yana kwashe ta zuwa kwata, daga kwata zuwa rafi. Ruwan yankinmu yana bi ta Kogin Mariga ya shiga Kogin Kaduna, Kaduna ta shiga Kwara, Kwara kuma ta zuba a teku. Ashe akwai hanya daga ƙofar ajinmu har zuwa gidan wannan tsuntsu.

Akwai kuma murar tsuntsaye. A watan Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da mugun irinta a nahiyar Afirka, kuma a nan Jihar Kaduna ne, a wata gonar kaji a Jaji. A 2023 ta kashe dubban tsuntsayen bakin teku a Sanagal da Gambiya. Don haka idan ka ga mataccen tsuntsu, ko wanda ya kasa tashi, kada ka ɗauka, kada ka kai gida kusa da kaji. Ka gaya wa babba.

Akwai wani abu da ya tsaya mini a rai. Na tambayi 'yan ajinmu wa ya taɓa ganin burtu da idonsa. Ƙalilan ne suka ɗaga hannu, alhali iyayenmu sun tashi suna ganinsa. Shekarun da aka yi ana fama da 'yan bindiga sun sa dajin da ke bayan gidanmu ya fi mana nisa a kan Turai, wadda muke gani a waya. Mu ma a ajinmu akwai waɗanda suka baro ƙauyukansu saboda abu na uku ɗin nan ya ɓace. Shi ya sa da na karanta labarin ƙaurar tsuntsaye ban ɗauke shi labarin wasa ba.

ABIN DA ZA MU IYA YI

Ba na cewa kowa ya tafi daji, kuma kada wani ya je bakin ruwa shi kaɗai ba da izinin iyaye ba. Daga inda muke za mu fara. Ina roƙon 'yan uwana maza su ajiye danƙo. Tsuntsun da ka harbo don wasa wataƙila ya bar 'ya'ya a sheƙa. Mu riƙa zuba leda a kwandon shara. Sannan ina ba ƙungiyarmu shawara mu buɗe littafi guda, duk wanda ya ga tsuntsu ya rubuta rana, da wuri, da launin bakinsa da ƙafarsa, da abin da yake yi. Mu tambayi kakanninmu sunayensu na Hausa da na Gwari da na Kamuku da na Fulatanci kafin su ɓace. Haka Tinbagen ya fara, da kallo da rubutawa.

Idan kuma wata rana da hunturu ka bi ta wajen babban ruwa, ko a madatsar Bagoma ko a hanyar tafiya, ka hango farin tsuntsu, kada ka yi saurin rantsuwa kamar yadda na yi. Ka dubi wuyansa, ka dubi ƙafarsa, ka ga ko yana iya zama a kan ruwa. In ba haka ba kai ma tsintsiya tana jiranka.

TAMBAYAR MAKO: Faɗi bambanci uku tsakanin balbela da tsuntsun teku. A rubuta amsa a takarda, tare da aji, a jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis.

Daga wata ɗalibar aji biyu, ƙaramar sakandare, 'yar ƙungiyar 'yan jarida.